Rakiyar Kawu Zuwa Tasha

Sule Tankarkar,
8 ga Janairu, 1996.

Zuwa ga Kawu Hussaini,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan kai da iyali da aikin asibiti duk kuna cikin alheri. Mu ma nan muna lafiya, sai godiyar Allah.

Na san sai ka juya takardar nan ka nemi sunan mai ita. Nana Firdausi ce, 'yar yayarka Yelwa wadda kakanku ɗaya, a gafarce ni da kama sunan Iya. Rabonka da ni tun ranar ɗaurin aurena da marigayi Malam Manu, shekara goma sha biyu ke nan, kuma ranar ma a lulluɓe nake, don haka ban ga laifinka ba in ka manta da ni. Tun rasuwarsa na dawo gaban Iya, mu biyu ne a gidan. Ina koyar da aji huɗu a firamaren Unguwar Cindo, aikin da na shekara goma sha uku ina yi, kuma da shi muke ci.

Abin da ya sa na ɗauki biro, Kawu, jikina ne. A daminar da ta wuce na yi zazzaɓin taifot. Na sha magani, zazzaɓin ya tafi, amma ƙarfina bai dawo ba, yau wata shida. In na yi barci na tashi, ji nake kamar wadda ta wuni tana daka. Gaɓoɓi na ciwo, maƙogwaro na ciwo, kaluluwa ta fito a wuya ta koma. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ranar da na yi aiki ba ranar nake faɗuwa ba, sai washegari ko jibi abin ya biyo ni ya kayar. In na koyar Litinin da Talata, to Laraba da Alhamis a tabarma zan yi su. Makon jiya na tsaya gaban allo da alli a hannu, bakwai sau takwas ya ɓace mini ɓat, yara arba'in da biyu suna kallona suna jira.

Sau biyu na je asibitin Gumel. An ɗebi jini, an duba fitsari, an ɗauki hoton ƙirji, ba a ga komai ba. Likitan ya yi dariya ya ce, "Malama, ai takardunki sun fi nawa kyau." Ya rubuta mini bitamin na dawo.

Ofishin ilimi ya ba ni takardar tuhuma har biyu saboda fashin aiki. Hedimasta ya roƙar mini arziki, aka ce an ba ni zuwa buɗe makaranta a watan Satumba. Ko in kawo takardar likita mai ɗauke da sunan ciwona, a ba ni hutun jinya ko aikin zaune, ko kuma a lissafa ni cikin waɗanda suka gudu daga aiki a sallame ni.

Iya ce ta ce, "Ina amfanin muna da babban malamin asibiti a Kano?" Ka taimake ni da likitan da zai duba ni da kyau. Sajo direban motar Gumel ne zai kawo maka wannan, ta hannunsa amsa za ta iso ni.

'Yarka,
Nana Firdausi.

*

Kano,
19 ga Maris, 1996.

Zuwa ga 'yata Nana,

Wa alaikumus salam. Ina amsa gaisuwa, ki gaishe mini da Yaya Yelwa, ki ce mata ban manta furar gidansu ba ko da na manta hanyar gidan. Barkanku da shan ruwa da Sallah, ko da ta wuce.

Ki yi haƙuri da jinkiri. Takardarki ta same ni a tsakiyar annobar sanƙarau. Yara ne a kan gado, yara a ƙasa, yara a baranda, wata ranar sai mu rufe fuskar biyar kafin azahar. Sai jiya na sami zama na karanta ki a tsanake, kuma layin farko ya kwantar mini da hankali, tunda kin ce kuna lafiya.

Nana, shekarata ashirin da takwas a wannan aiki. Mai ciwo tun daga bakin ƙofa nake gane shi, mai neman takardar hutu ma haka. Ban sa ki cikin na biyun ba, amma jini ya ce babu, hoto ya ce babu, kuma gajiya kowa na yin ta. Ni kaina da nake rubuta miki wannan, ƙafafuna sun kumbura don tsayuwa. Abin da na hango tunani ne. Mace mai ƙuruciya, miji ya rasu, ba ɗa, daga gida sai makaranta, dole jiki ya yi sanyi.

Ki nemi maganin ƙarin jini na kwalba. Ki riƙa cin hanta da zogale. Ki daina yawan kwanciya, ita ke kashe jiki, ki motsa ki yi tafiyar ƙafa. Kuma in wani mutumin kirki ya fito, kada ki rufe ƙofa.

Batun takarda kuwa, likita ba ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, ni ma ban taɓa yi ba. In annoba ta lafa, kuma abin bai bar ki ba, ki sake rubuto mini.

Kawunki,
Hussaini.

*

Sule Tankarkar,
6 ga Mayu, 1996.

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da Babbar Sallah, Allah Ya jiƙan yaran da aka rasa, Ya ba ku ladan jinya. Iya ta yi murna da saƙonka har ta sa na karanta mata batun furar sau uku.

Kawu, yaushe aka taɓa buɗe wa babba takarda da cewa ba mu lafiya? Na rubuta layi arba'in a kan ciwona, ka zaɓi layin gaisuwa ka riƙe. A garin nan daga ƙofar gida zuwa makaranta mutum ashirin za su ce mini ina gajiya, in ce ba gajiya, alhali katanga nake dafawa. Haka aka koya mana, ban iya wata amsa ba.

Na bi shawararka don kada a ce na raina babba. Maganin jini na sha kwalba huɗu. Tafiyar ƙafa na yi, zuwa da dawowa daga Unguwar Cindo kwana biyu a jere, na biya da kwana shida a kwance, ko cokali sai Iya ta riƙe mini. Ita ma ba ta zauna ba. Na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi har idona ya yi ja. An kawo wani mai magani daga Gagarawa Tasha ya ce sammu ne, wai wata abokiyar aikina ce ke son kujerata, kujerar da ƙafarta ɗaya bulo ne. Ran Alhamis ɗin da ta wuce maƙwabcinmu ya sayo mini allurar ƙarfi a kasuwar Maigatari, wai daga Damagaram take. Ban yarda an yi mini ita ba.

Abin da ya fi ciwon zafi bakin mutane. Da yake ban rame ba, fuskata ba ta faɗa ba, sai ake cewa Malama ta ƙoshi, ciwon 'yan boko ne. Wata ta zo dubiya, ta ƙare mini kallo ta ce, "To ai ni ban ga abin dubawa ba." Batun aure kuwa na gode, in ka san mai neman matar da ba ta iya ɗaga tulu, ka turo shi.

Ba takardar ƙarya na roƙe ka ba. Likita nake nema wanda zai saurare ni fiye da minti biyar. Saura wata huɗu Satumba.

'Yarka,
Nana Firdausi.

*

Kano,
20 ga Yuni, 1996.

Nana,

Na ga takardarki, na kuma ga bakin malaman makaranta bai canza ba. Ban ji haushi ba, ɗan'uwa ake yi wa haka.

Annoba ta lafa. Akwai wani likita a wurinmu, Dakta George, mutumin Filato ne, ya yi karatu a Ingila, yana da haƙurin sauraro har abokan aikinsa na yi masa tsiya. Na yi masa bayaninki, ya ce ki zo ran Talata, tara ga Yuli, da safe. Ki taho da duk takardun Gumel. Ni ranar ina Zariya wajen kwas, amma na bar sunanki wajen masu kati.

Ki gaishe da Yaya.

Hussaini.

*

Sule Tankarkar,
22 ga Yuli, 1996.

Kawu,

Assalamu alaikum, da fatan ka dawo daga Zariya lafiya. Allah Ya saka maka da alheri, wannan karon da zuciya ɗaya nake faɗa.

Na je. Malama Theresa ce ta raka ni, abokiyar aikina mai aji biyar, ita ce ma wadda mai maganin Gagarawa ya ce ta yi mini sammu. A kafaɗarta na yi tafiyar, muka juyo a ranar saboda Iya ita kaɗai ce. Sai yau na iya rubutu, don tafiyar ta ci mini kwana goma sha biyu.

Dakta George ya zaunar da ni kusan awa guda. Ya sake duba jini a kan abubuwan da ba a duba ba a Gumel. Da na ce masa sai washegari abin ke kayar da ni, sai ya ajiye biro ya ce, "Sake faɗa mini wannan." Na sake. Ya ce, "Malama, ba ƙarya kike yi ba, ba kuma lalaci ba ne. Na ga irinsa a can Ingila. Sunan da suke kiransa, ma'anarsa gajiya mai naci wadda hutu ba ya kawar da ita. Yakan biyo bayan zazzaɓi. Ba ya fitowa a jini, ba ya fitowa a hoto."

Na yi kuka a gabansa, Kawu, ban ji kunya ba. Shekara guda ina jiran mutum ɗaya ya ce ya yarda. Ya ce ba shi da maganin da zai warkar, sai dai in san iyakar ƙarfina in tsaya kafin in kai ta, kuma aikin zaune na rabin wuni zan iya.

Sai dai takardar ba shi kaɗai ke ba da ita ba. Kwamitin likitoci uku ne, za su zauna ran huɗu ga Satumba, kuma ya gaya mini gaskiya cewa biyun ba su yarda akwai irin wannan ciwo ba. Tunda babu gwajin da zai nuna, abin da zai taimaka shi ne rahoton ma'aikacin lafiya wanda ya gan ni a gida, ya ga yadda nake wuni. Ya ce, "Ga Malam Hussaini, duk asibitin nan an san ba ya sa hannu a kan ƙarya. In ya rubuta, za su saurara."

Don Allah ka zo, Kawu. Yanzu aikina yana hannunka.

'Yarka,
Nana Firdausi.

*

Kano,
2 ga Agusta, 1996.

Nana,

Dakta ya yi mini magana. In Allah Ya yarda ina nan tafe ran Asabar, sha bakwai ga wata, in wuni in juyo da la'asar. Ki gaya wa Yaya kada a wahalar da kai, ni ba baƙo ba ne.

Hussaini.

*

Kano,
19 ga Agusta, 1996.

Zuwa ga 'yata Nana,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, ƙwan zabi ko ɗaya bai fashe ba. Ina gaishe ki, ina gaishe da Yaya Yelwa, Allah Ya bar zumunci.

Rabona da irin wannan wuni har na manta. Na ce kada a wahala, sai na tarar da tsakar gida a share fes, ke kuma a bakin zaure da sabon zane da kwalli, kin durƙusa har ƙasa kina gaishe ni. Furar nan da na kurɓa, na san ba ta ga inji ba, Yaya kuma ta tabbatar mini ke kika daka ta da hannunki. Ga tuwon gero da miyar yakuwa, ga zabo, ga dambun zogale. Iyalina sun gaji da jin labarin.

Ba ci kawai na zo yi ba, ina lura da ke. Sau bakwai kika tashi kika zauna muna hira. Kin jawo ruwan alwalata. Da na tambaye ki jiki, kin ce da sauƙi. Kin tuna sunayen 'ya'yana shida da na faɗa sau ɗaya, kin kuma yi mini tsiya a kan furfurata. Sannan kika ɗora kwanon ƙwai a ka, kika raka ni har tasha, tafiyar da ni kaina sai da na yi haki, kika tsaya a rana har mota ta cika ta tashi. Ina waiwaye ina ganinki kina ɗaga hannu.

Wallahi na ji daɗi, don na taho da fargabar abin da zan gani. Yau da safe na rubuta rahoto na miƙa. Na faɗi abin da idona ya gani ba ƙari ba ragi, na rufe da cewa na same ki cikin ƙarfi da walwala, kina ayyukan gida masu nauyi, kuma a ganina kin kama hanyar warkewa. Dakta George ya karanta, ya tambaye ni ko na kwana a garin. Na ce a'a, me zan tsaya yi, aiki na jirana.

Ki gode wa Allah, Nana. Lafiya ta fi takarda. Ran da aka buɗe makaranta ki shiga ajinki da ƙarfinki, ki ba masu surutu kunya.

Kawunki,
Hussaini.

*

Sule Tankarkar,
28 ga Agusta, 1996.

Kawu,

Assalamu alaikum. Za ka ga rubutun ba nawa ba ne. Ina faɗa Malama Theresa na rubutawa, don yau kwana goma sha ɗaya ban iya riƙe biro ba. Ban ce muna lafiya ba, kada ka sake riƙe layin.

Theresa ta karanta mini takardarka. Duk abin da ka lissafa gaskiya ne, na yi shi. Bari in gaya maka wanda ba ka gani ba.

Da saƙon zuwanka ya iso, na ce wa Iya a bar ni a kwance ka same ni yadda nake, ai don haka za ka zo. Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Ƙanina zai tako gidana bayan shekara goma sha biyu, ya tarar da 'yata a miƙe a tabarma, tsohuwa na kai masa ruwa? Ya koma Kano ya ce wa matarsa me? In kin ga dama ki mutu ran Lahadi, amma ran Asabar ba za ki kunyata ni ba." Kuma kada in ɗora mata duka. Ni ma da na ji sallamarka a zaure, ban san sanda na miƙe ba. Ban san yadda ake kwanciya babba na tsaye ba, ba a koya mini ba.

Kwana takwas kafin ka zo ban ɗaga ko tsinke ba, ina tara ƙarfin wuni ɗaya. Furar da ka yaba, sau huɗu ina ajiye taɓarya ina jingina da rumbu. Duk shigar da ka ga na yi ɗaki kamar zan ɗauko wani abu, kwanciya nake a ƙasa in ƙirga hamsin in fito. Gidanmu ba namiji, wa zai raka ka in ba ni ba? A ce baƙon Kano ya fita daga gidan Iya shi kaɗai da kaya a hannu? Hannun da ka ga ina ɗagawa a tasha, ɗayan yana riƙe da ƙarfen rumfa. Motarku na shan kwana na zauna a ƙasa. A amalanken shanu aka mayar da ni gida.

Tun ran Lahadi, washegarin zuwanka, ban fita tsakar gida da ƙafata ba. Haske na sa ni amai. Sallah a kwance nake yi. Iya da ta ce kada in kunyata ta, ita ke kai ni bayan gida, tana kuka tana cewa ita ta jawo.

Na rubuta maka tun Janairu cewa sai washegari abin ke kayar da ni. Na sake rubutawa a Yuli. Dakta ya tambaye ka ko ka kwana, ba ka ji abin da yake tambaya ba?

Saura mako guda kwamiti ya zauna. Don girman Allah ka janye rahoton nan, ko ka ƙara masa wannan, ko ka zo ba sanarwa ka gan ni. Na karrama ka iyakar ƙarfina, kada karramawar ta zama ita ce shaidar da za a kore ni da ita.

'Yarka,
Nana Firdausi.

Baba, ni Theresa ce na ƙara wannan, ba ta sani ba. Ni na samo amalanken. Shekara shida muna aiki tare, kafin ciwon nan ko ruwan sama bai hana ta zuwa makaranta ba. In shaidar malamar makaranta tana da amfani a wurinku, ga tawa.

*

Kano,
11 ga Satumba, 1996.

Nana,

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Takardarki sai shekaranjiya ta zo hannuna. Sajo ya ce kwana tara motarsa na layin mai a Gumel. Kwamiti ya riga ya zauna ran huɗu ga wata. Dakta George ya yi iya ƙoƙarinsa, amma sauran biyun sun ɗaga rahotona suka ce ga kawunta ma, ma'aikacin lafiya, ya ce ta warke. Ba su ba da takardar ba.

Na karanta abin da kika faɗa har sau uku, raina bai yi daɗi ba. Amma ki yi mini adalci. An aike ni in ga yadda kike, kika nuna mini mace mai daka da jan ruwa. Na tambaye ki jiki, kika ce da sauƙi. Gaibu zan sani? Da kin ja ni gefe kin faɗa mini kalma ɗaya, da Yaya ta faɗa, da na kwana. Abin da na gani na rubuta, kuma a kan wannan aka san ni shekara ashirin da takwas.

Na je wajen Dakta da takardarki. Ya ce kwamiti ba zai sake duba batun ba sai bayan wata shida, kuma in na kawo rahoto na biyu mai rushe na farko ba tare da na sake ganinki ba, za a ce son kai na yi wa 'yar'uwata, duka biyun su zube. Gaskiyarsa ne.

Saboda haka zan sake zuwa bayan kaka, in kwana biyu, in rubuta sabo. Ki lallaɓa ki riƙa leƙa makaranta kafin nan, ko ofis zai ɗaga miki ƙafa. Ki gaya wa Yaya ina tafe.

Kawunki,
Hussaini.

*

Sule Tankarkar,
14 ga Oktoba, 1996.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali. Yau da hannuna nake rubutu, kaɗan-kaɗan, tun shekaranjiya na fara.

Ofis bai ɗaga ƙafa ba. An buɗe makaranta ina kwance, don rakiyar da na yi maka sai da ta ci kwana ashirin da shida. Ran Laraba Hedimasta ya kawo takardar da kansa, ya tsaya a zaure ya kasa haɗa ido da Iya. An sallame ni a kan gudu daga aiki. Shekara goma sha uku, layi huɗu suka ishe su. An ba wani sabon malami ajina, Theresa ta ce har ya gyara ƙafar kujerar.

Ka ce in yi maka adalci, to ga shi. Ba ka yi ƙarya ba, ko kalma ɗaya. Ka ga mace ta durƙusa, ta daka, ta raka ka, ka rubuta. Sai dai kai ma a irin gidan nan aka haife ka, Kawu. Ka san abin da ake yi wa baƙo. Ka san mahaifiyarka ko da zazzaɓi take sai ta tashi ta hura wuta in an yi sallama. Ka sha furar ka gane ba ta ga inji ba, amma ba ka tambayi kanka da wane ƙarfi aka daka ta ba. Ina jin haushinka, ina jin haushin Iya, na fi jin haushin kaina, kuma ban ga ranar da zai wuce ba.

Dakta George ya aiko mini da 'yar takarda ta hannun Sajo, ya ce in ci gaba da zuwa ko ba kwamiti, ya rubuta mini yadda zan riƙa raba aikin wuni. Ina bi. Ranar da jiki ya yarda ina koya wa matan maƙwabta karatu daga kan tabarma, rabin awa, su kawo abin da ya sawwaƙa. Da shi da gonar Iya za mu lallaɓa.

Batun zuwanka bayan kaka, ban gaya wa Iya ba, amma Theresa ta karanta takardar a gabanta. Tun ranar ta ware zabo biyu ta ce na Hussaini ne, jiya kuma na ji tana tambayar wanda zai ba ta sabon gero mai kyau na fura.

Kada ka zo, Kawu. Ba fushi ne ya sa na faɗa ba, sanin kaina ne. In ka yi sallama a zauren nan zan tashi. Zan sa kwalli, in durƙusa, in ce maka da sauƙi, kwana biyun duka, in ɗauki kayanka in raka ka tasha. Ba ni da sauran aikin da zan rasa, amma ba ni da wasu kwana ashirin da shida da zan ba ka.

Zabin zan ba Sajo ya kawo maka.

'Yarka,
Nana Firdausi.